Bayan An Ɗinke Ciki: Maganin Da Zai Hana Hanji Mannewa

An gama fiɗa, an ɗinke ciki, mara lafiya ya farfaɗo, dangi suna ta barka da arziki. A can ciki kuwa wani aiki ya soma. Duk inda wuƙa ta taɓa, jiki yakan tsatso wani abu mai yauƙi da ake kira fibirin. Idan bai narke ba cikin kwana 5 zuwa 7, sai ya rikiɗe ya zama zare mai tauri, ya liƙa hanji da hanji, ko hanji da bangon ciki, ko ya ɗaure bututun mahaifa.

Abin ya zama ruwan dare. A 1990, likitoci biyu a Landan, Menzies da Ellis, sun tarar da irin wannan mannewa a kashi 93 cikin 100 na waɗanda aka taɓa buɗe wa ciki. Shekaru kan shuɗe kafin ta nuna kanta: ciwon ciki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, toshewar hanji, ko rashin haihuwa. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa sau biyu, da yaron da taifot ya huda wa hanji, duk suna cikin wannan haɗari. Abin takaicin shi ne, in aka sake buɗe cikin don a yanke zaren, sau da yawa sabo ke fitowa.

An daɗe ana neman shamakin da za a sa a ciki ya hana wannan mannewa. Seprafilm, wanda Amurka ta amince da shi a 1996, siriri ne kamar takarda, yana da saurin karyewa, kuma sa shi ta ƙaramin ramin tiyatar kyamara wahala ce. Wani shamakin kuwa, Intergel, janye shi aka yi daga kasuwa a 2003.

Sabuwar dabarar ita ce shamakin ya ɗauki magani. A 2025 masana a Jami'ar Stanford suka bayyana wani abu mai kaurin kamu da aka cakuɗa da maganin T-5224, wanda ke danne furotin JUN, mai ingiza ƙwayoyin da ke saƙa tabo. Ana shafa shi kafin a rufe ciki, ya riƙa sakin maganin sannu a hankali kimanin mako 2. Nan wahalar take: ya hana mannewa ba tare da ya hana ɗinkin hanji kamawa ba. A ɓeraye da aladu ya yi hakan. Saura gwaji a kan mutane.