Ƙurar Azurfa Da Tsabtace Ruwan Sha: Inda Fasahar Nano Za Ta Yi Wa Bauchi Amfani

Ruwan famfon birnin Bauchi yana fitowa ne daga Madatsar Gubi, inda ake kwantar da laka da alif, a tace, a zuba kulorin. Sai dai tafiyar ruwan daga matata zuwa moɗa tana da tsawo. Ko a GRA, inda gidaje da dama ke da rijiyar burtsatse da tanki a sama, garai-garai ɗin ruwa ba shaida ba ce ta tsabtarsa, domin tankin da ya daɗe ba a wanke ba, ko rijiyar da ke kusa da ramin masai, na iya ɗauke da bakteriya. A 2021 cutar kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta hallaka fiye da 3,000, kuma Jihar Bauchi ce ta fi yawan waɗanda suka kamu, a alƙaluman hukumar NCDC.

Wannan giɓi ne masana fasahar nano ke son cikewa. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma kaurin silin gashi guda ya kai nanomita kusan 80,000. Abin da girmansa ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100 shi ake kira kayan nano. Amfanin wannan ƙanƙanta sananne ne ga duk mai girki: dakakkiyar kanwa ta fi dunƙulalliya saurin narkewa, saboda ruwa na taɓa ta ta ko'ina. Haka azurfa take idan aka mayar da ita ƙura. Tana sakin ƙwayoyi masu caji da ke manne wa jikin bakteriya, su lalata fatarta, su tsayar da sinadaran da take numfashi da su, har ta mutu.

Akwai kuma titaniyom dayokzaid, farar hodar da ake sa wa fenti. A 1985 masu bincike a Japan suka nuna cewa idan haske ya same ta tana kashe ƙwayoyin cuta. Rana kam ba ta yi wa Bauchi rowa ba, amma ɗan kaso kaɗan na haskenta hodar ke iya amfani da shi, kuma ruwa mai laka yana tare shi.

Dabarar da ta fi dacewa da ƙasar Hausa ta girmi sunan nano a kasuwa. A 1981 Fernando Mazariegos na ƙasar Gwatamala ya ƙera tukunyar tace ruwa: a kwaɓa yumɓu da garin katako, a gasa, garin ya ƙone ya bar ƙananan kafofi, sannan a shafe ta da ruwan azurfa. Kafofin su tare datti da mafi yawan bakteriya, azurfar ta hana su hayayyafa a jikin tukunyar. A Indiya ma, kamfanin Tata ya fitar da matacin Swach a 2009, wanda ya haɗa tokar ɓuntun shinkafa da ƙurar azurfa. Yumɓu, ɓuntu da maginan tukwane duk akwai su a jihar nan, kuma randa ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Abin da ke da wuya shi ne daidaita girman kafofin da gwada kowace tukunya, aikin da ya dace da ɗakunan gwaji irin na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa.

A nan ne kuma ya kamata mai saye ya yi hattara. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar a dogara da azurfa a matsayin babban maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan sha ba, saboda sakamakon gwaje-gwaje ya sha bamban, musamman a kan ƙwayoyin bairos. Azurfar kan zube a hankali, ƙarfin matacin ya ragu ba tare da wata alama ba. Yawan shanta tsawon shekaru na mayar da fata launin toka-toka, shi ya sa hukumar ta ɗauki miligiram 0.1 a kowace lita a matsayin iyakar da za a iya jurewa.

Kulorin kuwa yana da arha, kuma ragowarsa na raka ruwa cikin bututu tun daga Gubi. Mataci mai azurfa aikinsa a cikin gida yake, bayan tanki, kusa da randa. Mai gidan da zai saya sai ya duba rajistar NAFDAC ko shaidar SON, ya kuma tambayi lita nawa zai tace kafin a sauya shi.