Lambobi Uku Da Mai Injin Yankan Bishiya Zai Riƙe Kafin Ya Tafi Sayen Sarƙa

Duk farkon damina, idan iskar hadari ta ratsa yankin masana'antu na Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso, ba a rasa darbejiya ko bishiyar turare da ta kwanta a kan katangar wani kamfani, ko ta tare hanyar da tireloli ke bi. Nan take akan nemo mai injin yankan bishiya. Ana cikin aiki sarƙa ta tsinke, sai maigidan ya zaro kuɗi ya miƙa wa yaronsa: "Maza ka je Sabon Gari, ka ce a ba ka ta inci 20." Yaro ya keta cunkoson gari ya dawo bayan la'asar, a gwada sarƙa ta ƙi hawa. Wani lokaci ta yi tsawo, wani lokaci ta gaza, wani lokaci kuma ta hau amma ta riƙa rawa. An yi asarar yini da kuɗin mota, ga mai kanti ba lallai ya karɓi kayan da suka taɓa mai ba.

Yaron bai yi laifi ba, saƙon ne bai cika ba. Inci 20 tsawon takobin injin ne kawai, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a jikinsa. Ita sarƙar kuwa, da wasu lambobi uku ake sayenta, kuma babu tsawon takobi a cikinsu.

A fara da takobin, tunda shi ya fi sauƙi. Ba a kwance shi a auna daga gindi zuwa baki, domin wani sashe nasa a ɓoye yake cikin jikin inji. Abin da kamfanoni ke kira tsawonsa shi ne iyakar wurin da ke shiga itace. A kashe inji, a ɗora tef daga inda takobin ya fito daga jikin injin zuwa ƙarshen bakinsa. Abin da aka samu sai a cika shi zuwa girman da ake sayarwa mafi kusa: inci 16, 18, 20, 22, 24, har zuwa 36 na manyan injuna irin Stihl 070, wanda masu tsaga katako a dazukan Kudu suka daɗe suna ji da shi. Wanda ya auna ya ga inci 19 da 'yan kai, takobinsa na inci 20 ne.

Akwai wani abin da tef ba ya nunawa. Gindin takobi yana da doguwar tsaga inda notuna ke kama shi, da ƙaramin rami da mai ke bi ya shiga kwarmin da sarƙa ke gudu a ciki. Tsarin wannan gindi ya bambanta tsakanin Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin da injunan China masu lamba 5200 ko 5800 da suka cika kasuwa saboda araha. Takobi zai iya ɗauruwa daram amma ramin mai bai dace da na inji ba. Sarƙa ta yi ta gudu a bushe, cikin ɗan lokaci gefen ƙarfe ya yi shuɗi saboda zafi.

Lamba ta farko ta sarƙa ita ce tazarar ƙusoshinta. A zaɓi ƙusoshi uku a jere cikin waɗanda suka haɗa gaɓoɓinta, a auna daga tsakiyar ta farko zuwa tsakiyar ta uku, a raba biyu. Dalilin ɗaukar uku shi ne tazarar ba ɗaya ba ce, gajera da doguwa ne ke bin juna. Idan awon, kafin a raba shi biyu, ya ba da kusan milimita 16.5, sarƙar ta inci 0.325 ce. Idan milimita 19 ne, ta 3/8 ce. Idan ya kai 20.5, to ta 0.404 ce, irin ta manyan injuna. Wannan lamba dole ta zo ɗaya da ta sifiroket, faifan nan mai haƙora da ke jan sarƙar. Duk mai babur ya san ba a ɗora cen a kan sifiroket ɗin da ba nata ba, haka abin yake a nan. Wani tarkon kuma, 3/8 iri biyu ce: akwai cikakkiya, akwai mai gajerun haƙora ta ƙananan injuna, kuma ɗaya ba ta zama a madadin ɗaya.

Lamba ta biyu ita ce ta fi yaudarar mutane. A ƙarƙashin sarƙa akwai wasu 'yan harsuna masu tsini da ke shiga kwarmin takobi, su ne sifiroket ke kamawa. Kaurinsu huɗu ne a kasuwa: milimita 1.1, 1.3, 1.5 da 1.6, waɗanda a lissafin inci ake rubuta su 0.043, 0.050, 0.058 da 0.063. Tsakanin 1.5 da 1.6 babu idon da zai raba, ko na wanda ya shekara talatin yana sana'ar. Amma inji yana rabawa. Harshe mai kauri ba zai shiga ƙaramin kwarmi ba, wannan kam da sauƙi, tun a wurin ɗaurawa za a gane. Matsalar tana ga siriri a cikin babban kwarmi: zai shiga lafiya lau, sai sarƙa ta riƙa karkata, yanka ya riƙa tafiya a gicciye, wata rana kuma ta fice daga takobi tana tsakiyar gudu. Maganin wannan shi ne ma'aunin kauri na ƙarfe da masu injin feƙe ƙarfe ke aiki da shi, irin waɗanda ba a rasawa a garejojin Sharada da Bompai. Sai dai a tuna tsohuwar sarƙa ta ci, za ta nuna ƙasa kaɗan da ainihin kaurinta.

Ta uku ƙidaya ce kawai. A cire sarƙa, a shimfiɗa ta, a sa wa harshe ɗaya alama da alli, a ƙirga harsunan har a dawo kansa. Harsunan ake ƙirgawa, ba haƙoran yanka ba.

A nan ne ake ganin dalilin da ya sa "inci 20" ba ta isa saƙo ba. Takobin inci 20 na Stihl MS 381 yana ɗaukar sarƙar 3/8 mai kaurin 1.6 da harsuna 72. Yawancin injunan China na inci 20 kuwa 0.325 suke ɗauka, kauri 1.5, harsuna 76. Tsawo ɗaya, amma babu lamba ko guda da ta zo daidai. Kamfanoni sun san da wannan, shi ya sa suke buga lambobin a gindin takobi. Kafin a ɗauko tef, a goge wurin da tsumma da ɗan kananzir a duba. Abin takaicin, a kan takubban araha rubutun fenti ne kawai, aikin wata ɗaya ya share shi.

Mai karatu zai iya tambayar me ya kawo lissafin inci a kayan Jamus da China. Andreas Stihl ne ya ƙera injinsa na farko mai aiki da lantarki a birnin Stuttgart a 1926, amma fasalin haƙorin da ake amfani da shi yau daga Amurka ya fito. Wani mai saran itace, Joseph Cox, ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace da lanƙwasassun muƙamuƙanta, ya kwaikwayi siffar, ya kafa kamfaninsa a Portland ta jihar Oregon a 1947. Sunan Oregon na nan a kan kwalayen sarƙa har gobe, na gaske da na jabu, kuma awon Amurkawa ya bi kayan zuwa ko'ina.

Sabuwar sarƙa a kan kayan da suka mutu ɓarnar kuɗi ce. Kamfanin Stihl kansa yana ba da shawarar a sauya sifiroket bayan an cinye sarƙa biyu, domin haƙoran da suka ci suna lalata sabuwa da wuri. A duba leɓɓan takobi ma: idan ɗaya ya fi ɗaya tudu, ko kwarmin ya buɗe har sarƙa na kwanciya gefe, lokacinsa ya yi. Masu dabara kan juya takobi sama ya koma ƙasa duk sanda suka wasa haƙora, don ya ci daidai. Shi ma magagarin wasawa yana bin tazarar ƙusoshi: milimita 4.8 ga 0.325, milimita 5.5 ga 0.404.

Yanayin Kano ba ya tausaya wa waɗannan kaya. Ƙurar hunturu na maƙalewa a ɓawon bishiya, yashi kuma yana dakushe haƙori fiye da itacen kansa. Bishiyoyin cikin harabar masana'antu sukan ɓoye ƙusa da guntun waya da aka ɗaura musu shekaru da suka wuce. Sai kuma al'adar zuba baƙin mai da aka tsiyayo daga mota a tankin man sarƙa. Ana yi ne don tsimi, amma man yana ɗauke da gurɓataccen garin ƙarfe, kuma ba shi da danƙon da zai riƙe sarƙa mai gudu. Abin da aka tsimi a mai, a takobi da famfon mai ake biyansa.

Wani abu ya ƙaru a kan masu wannan sana'a. A 2025 Ma'aikatar Muhalli da Sauyin Yanayi ta Jihar Kano ta sanar da hana amfani da injin yankan bishiya ba tare da izini ba, har da tanadin tara ga wanda ya saɓa, saboda yadda ake ƙarar da itatuwan jihar. Don haka mai inji da mai kamfanin da ya kira shi, kowa ya tabbatar da takardarsa kafin a tayar da inji.

Ga wanda zai aika saye daga Challawa ko Panshekara, ya rubuta wa ɗan aike lambobin uku a takarda tare da sunan injin da lambarsa, ya ɗauki hoton gindin takobi a waya, sannan ya naɗe tsohuwar sarƙar a leda a tafi da ita. A can kanti a jera ta da sabuwar, a ƙirga harsuna a gaban mai kaya kafin a biya kuɗi.