Tsimin Makamashi: Ribar Da Ke Ɓoye Cikin Ƙwan Lantarki Da Tankin Mota

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lissafin kasuwanci ya sauya a Nijeriya. Litar mai da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 600 a watan Yulin shekarar. Sa'an nan a watan Afrilu, 2024, hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki ta ƙasa, watau NERC, ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla sa'o'i 20 a rana, zuwa Naira 225 kowane yunit. Wannan ya sa tsimin makamashi ya zama batun riba da faɗuwa ga mai kanti, da tela, da mai motar haya.

Wurin farawa shi ne ƙwan lantarki. Tsohon ƙwai mai zare a ciki yana mai da kimanin kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya sha zuwa zafi, ba haske ba. Ƙwan LED mai wat 9 kuwa yana ba da hasken da ya yi daidai da na tsohon ƙwai mai wat 60. Kantin da ke kunna tsofaffin ƙwayaye 10 na tsawon sa'o'i 10 zai sha yunit 6 a rana. In an sauya su, abin da zai sha bai kai yunit ɗaya ba. Bambancin a kwana 30 shi ne yunit 153, watau fiye da Naira 34,000 bisa farashin Afrilun 2024. Sai dai araha ba ta ado: ƙwan jabu kan mutu da wuri, ya cinye ribar.

Ga mai amfani da janareta, lissafin ya fi haka nauyi, domin wutar inji ta fi ta layi tsada. Rage ƙarfin ƙwayaye da fankoki na ba da damar komawa ƙaramin inji, ko kuma kafa ɗan madaidaicin farantin hasken rana. Haka kuma firijin da robar ƙofarsa ta saki yakan yi ta aiki ba hutawa, alhali gyaransa ba ya cin kuɗi mai yawa.

A fannin sufuri, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mai da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG a shekarar 2023. Gas ɗin ya fi fetur sauƙin kuɗi, hayaƙinsa kuma bai kai na fetur ba. Amma kafin mai mota ya biya kuɗin juya inji, ya kamata ya duba abu biyu: ko akwai gidan gas a kan hanyarsa, da kuma ko makanikin yana da izinin hukuma, domin tukunyar da ba ta da inganci tana iya fashewa.

Wanda bai kai ga haka ba, yana da abin yi tun yau: daidaita iskar taya, canza matatar iska a kan kari, da kashe inji yayin jiran lodi. Ɗan kasuwar da ya riƙa rubuta abin da yake kashewa kan wuta da mai kowane mako, shi zai fara ganin inda kuɗinsa ke zurarewa.