Kala-azar: Yadda Ake Gane Cizon Ƙudan Yashi Daga Jinin Mutum

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin hanyar Gadarif zuwa Gallabat, a kan iyakar Sudan da Habasha, ya san yadda dare yake a can lokacin bazara. Zafi ba ya barin mutum ya kwana a ɗaki, sai dai a shimfiɗa tabarma a gindin aduwa ko a gefen babbar mota, a jira gari ya waye a ci gaba da lodin riɗi da dawa. To, a irin wannan kwanciya ce wani ɗan mitsitsin ƙwaro yake samun damarsa. Larabawa suna kiransa ƙudan yashi. Tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma ba ya kuka a kunne kamar sauro, amma dai raina kama ka ga gayya, domin shi ne yake yaɗa cutar kala-azar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane 50,000 zuwa 90,000 ne suke kamuwa da wannan cuta a kowace shekara, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba su sami magani ba suna rasa rayukansu. Jihar Gadarif, inda 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe da zama suna noma da fatauci, tana cikin wuraren da cutar ta fi yin katutu a duniya. Haka ma yankunan Metema da Humera a ɓangaren Habasha, inda 'yan ƙwadago suke tururuwa zuwa gonakin riɗi.

Tamatar ƙudan ce take cizo, daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari. A gabashin Sudan ta fi son dazukan dushe da aduwa, da baƙar ƙasar nan mai tsagewa idan rani ya tsananta, kuma ta fi yawa daga watan Maris zuwa Yuni, kafin damina ta kankama. Abin da ya sa lamarin yake da wuyar ganewa shi ne cutar ba ta bayyana nan take. Mutum zai iya yin wata 2 zuwa 6 lafiya lau, ya gama cinikinsa ya koma gida, sannan zazzaɓi ya taso ya ƙi sauka, jiki ya rame, jini ya ragu, saifa ta kumbura. Da yawa sukan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, su yi ta sayen ƙwayoyi har ƙarfi ya ƙare.

Tambayar da ta daɗe tana damun ma'aikatan lafiya ita ce: ta yaya za a san wanda ƙudan yake cizo, da inda yake cizonsa? Hanyar da aka saba ita ce kafa tarko mai fitila da daddare, ko a kafa takardun da aka shafa wa man zurman domin ƙwarin su maƙale, da safe a ƙirga. Wannan yana nuna cewa akwai ƙuda a wurin, amma ba ya nuna ko ya kai ga jikin mutane. Akwai kuma hanyar da mutum yake zama ya buɗe ƙafarsa yana kama duk ƙudan da ya sauka, sai dai wannan kasada ce da rai, tun da har yanzu babu allurar rigakafin kala-azar ga ɗan Adam.

Daga nan ne masu bincike suka juya zuwa ga yawun ƙudan. A duk lokacin da ya ciji mutum yakan zuba masa ɗan yawu domin kada jinin ya daskare, shi kuma jiki sai ya ƙera sojojin garkuwa na musamman a kan wannan yawu. Idan aka ɗibi ɗan jini aka auna yawan waɗannan sojoji, za a gane ko mutum yana shan cizo sosai ko kuwa kaɗan. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2010, an lura da marasa lafiya a Indiya waɗanda aka kwantar a asibiti na kwana 30 inda ƙuda ba ya kai gare su, sai aka ga sojojin sun ragu, da suka koma ƙauyukansu kuma suka sake ƙaruwa. Ke nan awon yana ba da labarin cizon kwanan nan, ba na shekarun baya ba.

An yi amfani da wannan awo a Indiya da Nepal a lokacin da aka gwada raba gidan sauro mai magani, inda aka ga cizon ya ragu kaɗan ne kawai. A gabashin Sudan kuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta raba gidajen sauro masu ƙananan ramuka tsakanin 1999 da 2001, kuma bincike ya nuna masu kamuwa sun ragu a ƙauyukan da suka samu. Wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa ake buƙatar awo a kowane yanki, domin kada a kashe kuɗi a kan abin da ba ya aiki a wurin.

Matsalar ita ce samun yawun kansa. Sai an kiwata ƙudajen a ɗakin gwaji, a riƙa feɗe su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin likita ana ciro jakar yawu. Saboda haka masana suka koma haɗa sinadaran yawun a ɗakin gwaji. A shekarar 2018 masu bincike na Jami'ar Charles ta ƙasar Cek da abokan aikinsu sun gwada irin waɗannan sinadarai a kan jinin mutane daga Sudan da Habasha, suka sami waɗanda za su iya tsayawa a madadin yawun. Sai dai masu karatu su lura, wannan awo ba ya cewa mutum yana da cutar. Cizo kawai yake nunawa, kuma aiki ne na masu bincike, ba abin da za a tarar a ƙaramin asibiti ba.

Bangaladash ta kawar da kala-azar a matsayin barazana ga lafiyar jama'a a 2023, kuma a watan Yunin 2024 aka ƙaddamar da shirin kawar da ita daga gabashin Afirka a birnin Adis Ababa, wanda ya haɗa da Sudan da Chadi. Amma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa asibitoci, ya kuma tilasta wa miliyoyin mutane barin gidajensu, da yawansu suna kwana a fili.

Saboda haka, Alhaji mai fatauci da direba da ɗan kamasho, idan tafiya ta kama zuwa waɗannan yankuna a riƙe gidan sauro mai magani a cikin kaya, a sa riga mai dogon hannu da yamma, a kuma guji kwana a ƙasa a gindin dushe da aduwa. Wanda zazzaɓi ya wuce masa mako 2 bai ji maganin zazzaɓin cizon sauro ba, ya je asibiti ya faɗa wa likita ƙasashen da ya taka a watannin baya, ko da ba a tambaye shi ba. Akwai gwajin jini na gaggawa, kuma maganin da aka fi amfani da shi a gabashin Afirka allurai ne na kwana 17. Idan ma'aikatan lafiya suka zo kasuwa ko zango neman ɗigon jini domin bincike, a nemi bayani a gamsu, sannan a ba su haɗin kai. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.