Sikeli Da Tseren Babura A Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani irin tsere na babura wanda ba ya ɗaukar ko da minti guda. Babu kwana, babu zagaye. Babura biyu ne za su tsaya kafaɗa da kafaɗa a kan miƙaƙƙen titi, fitila ta nuna kore, su cilla. Tsawon filin rubu'in mil ne, wato ƙafa 1,320. Wanda ya riga isa ya ci, wanda aka tsere wa ya naɗe kayansa. Hukumar da ke lura da wasan sunanta NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a Kalifoniya a 1951, kuma tun 1987 ta ke naɗa zakaran babura kowace shekara a rukunin da ake kira Pro Stock Motorcycle.

Gudun da su ke yi sai wanda ya gani. A 2005 Andrew Hines ya fara gama filin nan cikin ƙasa da sakan 7, a 2018 kuma Hector Arana ƙarami ya fara wuce mil 200 a awa. In mai karatu ya buga lissafi, zai ga babur mai wannan gudu yana cin wajen ƙafa 3 a cikin kashi ɗaya bisa ɗari na sakan. To, da irin wannan tazara ake cin mutum a wasan nan.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, bayan an gama gudun ba a gama magana ba tukuna. Sai an tura babur an hau sikeli, shi da mahayinsa gaba ɗaya, har da hular kwano da rigar fata. Doka ta yanke nauyin da ba a yarda a gaza ba, wajen laba 600 da 'yan kai, gwargwadon irin injin. Wanda ya gaza, an soke gudunsa ke nan, ko da shi ya riga isa.

Dalilin wannan mun karanta shi a ajin kimiyya, a ka'ida ta biyu ta Newton: in ƙarfin da ke tura abu bai sake ba, ƙara masa nauyi na rage saurin tashinsa. Da babu sikeli, da kowa ya yi ta fige babur ɗinsa har ya zama tarkon mutuwa, mahaya kuma su dinga kashe kansu da yunwa. Duk da haka mara jiki bai rasa riba ba. Nauyin da ya rage masa sai a cika shi da guntayen dalma, makanikai su ɗaura su daidai inda zai taimaki tayar baya ta kama kwalta. Mai ƙiba kuwa, nauyinsa yana nan inda Allah ya ajiye shi. Angelle Sampey, 'yar ƙaramar mace ce, amma ita ta zama zakara sau uku a jere, daga 2000 zuwa 2002, ko da ya ke ba wanda zai ce rashin jiki kaɗai ya ba ta.

Inda rigima ta ke shi ne, injunan ba iri ɗaya ba ne. Suzuki na da silinda huɗu a jere, cikinsa bai kai lita 2 ba. Harley-Davidson da Buell kuwa silinda biyu ne manya, cikinsu ya wuce lita 2 da rabi. Hukuma na son dukansu su shiga tsere ɗaya, don 'yan kallo kowa da irin babur ɗin da ya ke so. Saboda haka sai ta mai da sikeli abin daidaita su. In ta ga wani iri ya fara yi wa sauran nisa, sai ta ƙara masa laba 10 ko 20, ko ta rage wa na baya, wani lokaci ma a tsakiyar shekara. Haka Turawa ke yi a sukuwar dawaki, dokin da ya cika cin tsere a ɗora masa kaya.

A 2012 aka ga iyakar wannan dabara. Kamfanin Vance & Hines ya kera wa Harley-Davidson injin mai bawul huɗu a kowace silinda, alhali na Buell biyu-biyu ne, kuma ba a sayar wa kowa irinsa. Aka ƙara musu nauyi, bai hana kome ba. Cikin gasa 16 na shekarar, Eddie Krawiec da Andrew Hines suka cinye 15 a tsakaninsu. Sauran masu babura suka yi ta gunaguni, don kowa da kuɗinsa ya ke zuwa, kamfanonin da ke ɗaukar nauyinsu kuma ba sa son biyan wanda ba ya ci. Daga ƙarshe hukuma ta bar batun sikeli, ta hana wannan injin ɗungum daga 2013. A shekarar nan Matt Smith ya zama zakara a kan Buell.

Ni dai ina ganin kowane ɓangare da gaskiyarsa, amma na fi tausayin makanikai. Mutum ya kwana wata da watanni yana neman ƙarfin doki biyar a cikin injin, ya samu, ranar Litinin takarda ta fito an ɗora masa dalma, sai ka ce laifi ya yi. Sa'an nan sikeli ba ya iya rarrabe ƙarfin injin da gwanintar mahayi. Harley-Davidson ya janye daga wasan bayan 2020, Vance & Hines suka koma kan Suzuki. A 2023 wani saurayi, Gaige Herrera, ya hau musu Hayabusa ya ci gasa 11 cikin 15. Akwai waɗansu da ke hawan Suzuki a shekarar, ba su ko kusa da shi ba. In aka ƙara wa kowane Suzuki nauyi don a tare Herrera, su wane laifi suka yi? In kuma aka ƙyale, masu Buell su zo su yi ta kallon bayansa har shekara ta ƙare.