Cutar Chagas: Yadda Ƙaura Ta Kai Ta Ƙasashen Da Ba Su San Ta Ba

Cutar Chagas ta samo sunanta daga Carlos Chagas, likitan ƙasar Brazil da ya gano ta a shekarar 1909, kuma ƙwayar da ke haddasa ta, wato Trypanosoma cruzi, dangi ce ga waɗanda ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka suna jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Mazauninta na asali ƙasashe 21 ne na Latin Amurka, inda wani ƙwaro mai shan jini, da ke ɓuya a tsagogin bangon laka da rufin ciyawa, yake fitowa da dare ya ciji mai barci, yawanci a fuska, sannan ya yi kashi kusa da wurin. Da mutum ya sosa, sai ya shafa kashin a cikin cizon ko a ido, ƙwayar ta shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 6 ne ke ɗauke da ita.

Abin da ya sauƙaƙa mata ƙetare teku shi ne dogon shirunta. Bayan makonnin farko, waɗanda kan wuce da ɗan zazzaɓi ko kumburin fatar ido, ko ma ba tare da wata alama ba, ƙwayar takan lafe a tsokar zuciya da ta hanji shekaru ashirin ko talatin, kafin kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ita su fara fama da kumburin zuciya da rikicewar bugunta, wanda kan kai ga mutuwar fuju'a. Saboda haka matashin da ya bar ƙauyensu a Boliviya, ƙasar da cutar ta fi ƙamari, yakan sauka Madrid ko Barcelona cikin ƙoshin lafiya, ba shi da labarin abin da ke jininsa. Ta wannan hanya Sifaniya ta zama ƙasar Turai da ta fi yawan masu cutar, haka kuma ta isa Italiya da Japan, yayin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke ƙiyasta masu ita a can da kimanin 300,000.

A Turai babu ƙwaron, amma cutar ba ta rasa ƙofa ba, domin tana bin ƙarin jini, da dashen sassan jiki kamar ƙoda da zuciya, da kuma mahaifa daga uwa zuwa ɗan da ke ciki. Wannan ne ya sa Sifaniya ta wajabta gwada jinin masu ba da gudummawa da suka fito daga Latin Amurka a 2005, Amurka kuma ta fara nata gwajin a 2007. Ba a ɗaukar ta ta musabaha, ko cin abinci tare, ko zama ɗaki ɗaya, don haka tsangwamar baƙi a kanta jahilci ne kawai, kuma ɓarna yake ƙarawa, tunda baƙon da ba shi da takardun zama dama gudun asibiti yake yi. Babban giɓin yana wajen likitocin da ba su taɓa ganin cutar ba, waɗanda kan yi ta maganin zuciya ba tare da sun tambayi majinyaci inda aka haife shi ba.

Magunguna biyu ne ake da su, benznidazole da nifurtimox, kuma suna warkar da kusan duk jaririn da aka ba da wuri, sai dai tasirinsu yana raguwa gwargwadon daɗewar cutar a jiki, kuma ba a ba mai juna biyu. Duk wanda aka haifa ko ya daɗe a karkarar Latin Amurka, ko mahaifiyarsa daga can take, ya kamata ya nemi gwajin jini, musamman mace kafin ta ɗauki ciki, domin jinyar da aka yi mata a lokacin tana hana ƙwayar kaiwa ga 'ya'yanta.