Allo Mai Jar Lamba 51 A Jihar Texas

A 1991 wani mutum ya bindige mutum 23 a gidan cin abinci a Killeen, Jihar Texas ta Amurka. A 1995 sai jihar ta yarda mai lasisi ya ɓoye ƙaramar bindiga a jikinsa.

To, ina batun gidan abincin da ke sayar da giya? Doka ta ce in kashi 51 cikin 100 na cinikin gidan giya ce ta sha nan take, tilas a kafa allon hana bindiga a bakin ƙofa, da Turanci da Sifaniyanci, lambar 51 kuwa ja, tsawonta inci 5. Wanda ya wuce allon da bindiga yana iya shan ɗaurin shekara 2 zuwa 10. Inda cinikin abinci ya rinjaya kuwa, hanawa tana hannun mai wurin.